Amsoshin Tambayoyinku: Wane Ɗan Ƙwaro Ne Ke Bin Murzuna a Zangarniyar Gero?

TAMBAYA: Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Tasawa, cikin jihar Maraɗi. Bana murzuna ta shigar mini gero. Da na karkaɗe zangarniya a kan farin ƙyalle, ban da tsutsotsin sai na ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu fiffike, wasu ja-ja, wasu baƙi-baƙi. Maƙwabcina ya ce su ne uwayen murzunar, in yi maza in yi feshi. Ɗana kuwa, da ke karatun aikin gona, ya ce a'a, su ne ƙwarin da malaman gona ke saki don su kashe ta. Ta yaya mutum zai gane su da idonsa? Kuma tunda launinsu biyu, ko iri biyu ne?

AMSA: Allah ya sa a kai amfanin gona gida lafiya.

Bari in fara sauke maka maganar maƙwabcinka. Waɗannan 'yan ƙwari ba uwayen murzuna ba ne. Uwar murzuna, wadda masana ke kira Heliocheilus albipunctella, dangin malam-buɗe-littafi ce mai yawon dare, launinta ƙasa-ƙasa, in ta buɗe fukafukai faɗinsu ya haura santimita 2, in kuma ka kama ta sai ta bar maka gari-gari a yatsa. Da dare take zuwa ta zuba ƙwai a kan zangarniyar da ta fara leƙowa. Kafin ka ga tsutsa ta yi zanen nan nata mai murɗewa a jikin zangarniya, uwar ta gama nata tuntuni. Ke nan wanda zai yi feshi yanzu don ya kashe uwa, ya makara.

Saura maganar ɗanka. Da alama ya fi kusa da gaskiya, domin a yankinku akwai ɗan ƙwaron da ya yi suna wajen bin murzuna, sunansa Habrobracon hebetor. Ɗan uwan zanzaro ne da rina, sai dai tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, wato kamar ƙwayar riɗi. Amma zangarniyar gero ba shi kaɗai take saukewa ba. Akwai wasu ƙwari masu irin wannan girma da ke zuwa, wasu abokan manomi, wasu maɓarnata, kuma ido tsirara ba ya raba su. Don haka ka nemi gilashin ƙara girma, irin na masu gyaran agogo ko na masu gyaran waya, wanda ke ninka abu sau 10 ko sau 20. Kamun ma ba wuya: da sassafe, kafin rana ta ɗumama su, ka zura zangarniya cikin farar leda mai shara-shara, ka karkaɗa, ka ɗaure bakin. Za ka ga suna hawa sama suna neman haske. Ka juye su cikin 'yar kwalba mai ɗan sifirit irin na kemis, sa'annan ka tsamo ɗaya da gashin tsuntsu ko bakin tsintsiya ka ɗora a farar takarda.

Kafin mu je ga abin da za ka duba, ga abin da ba za ka dogara da shi ba: launi. Shi ne abin da ido ke fara kamawa, shi ne kuma ya fi yaudarar mutane game da wannan ƙwaro. Launin Habrobracon yana bin zafin wurin da ya tashi ne tun yana ɗan tsutsa. Wanda ya girma cikin zafi sosai yakan fito ruwan zuma, ja-ja ko rawaya-rawaya. Wanda ya girma cikin sanyi-sanyi yakan fito baƙi. Na tsakiya kuma sukan zo da dabbare-dabbare, baƙi a ƙirji, haske a ciki. Masu binciken gadon halitta da suka yi shekaru suna kiwonsa a ɗakin gwaji sun daɗe da tabbatar da haka. Uwa ɗaya tana iya haifar ja da baƙi, in wasu sun tashi a zangarniyar da rana ke duka, wasu a inuwar rumbu. Girma ma haka: in 'ya'ya sun yi yawa a kan tsutsa ɗaya, abinci bai ishe su ba, sai su fito ƙanana. Saboda haka launi biyun da ka gani bai isa ya sa a ce iri biyu ne ba. Nakan ga ana tura hoto a waya a ce "wannan baƙi ne, ba shi ba ne," sai in ce da ma an bar launi an ƙirga fiffike.

Fiffike ne farkon abin dubawa. Dangin zanzaro fukafukai huɗu gare su, manya biyu a gaba, ƙanana biyu a baya. Sai ka yi haƙuri wajen ƙirgar, domin na bayan yana maƙale da na gaban da wasu 'yan ƙugiyoyi, har su yi kama da guda ɗaya. Ka ɗan raba su da bakin allura. In ka tarar biyu ne tak, a bayansu kuma akwai wasu 'yan sanduna masu dunƙulallen kai, to wannan dangin ƙuda ne da sauro. A nan ne hatsarin ruɗewa yake, domin akwai ɗan ƙudan da ke zuba ƙwai cikin furen dawa ya hana ta yin ido, gero ma yana da irin nasa. Na dawar tsawonsa bai fi milimita 2 ba, cikinsa ja-ja, ƙafafunsa dogaye sirara, jikinsa laushi, in ka murtsuke shi sai ya bar jan tabo. Wannan maɓarnaci ne. Mutumin da ya tsaya a kan "ɗan ƙarami ne ja-ja" zai iya ɗaukar ɗan ƙudan nan a madadin Habrobracon.

In fukafukai huɗu ne, sai ka duba ƙugu. Tsakanin ƙirji da ciki akwai matsewa, ko da yake ta Habrobracon ba ta kai ta zanzaron da ke gini a bango tsawo ba. Gajeriya ce, cikin kuma ɗan faffaɗa ne mai siffar ƙwai. In babu matsewar sam, jikin a baje yake, fukafukan sun kwanta ɗaya bisa ɗaya a gadon baya, ga ɗan tsinin baki a ƙarƙashin kai, to wataƙila ɗan ƙwaron nan ne da ake kira Orius, baƙi mai ratsin fari. Shi ma ba abokin gaba ba ne, ƙwan murzuna yake tsotsewa. In kuwa akwai matsewar amma da ɗan tudu ko ƙullutu a kanta, tururuwa ce mai fiffike.

Daga nan sai ƙahonnin nan biyu da ke gaban kai, waɗanda yake shinshina da su. A wurina su ne suka fi komai amfani ga mai gilashin hannu, don da su kaɗai za ka raba manyan gidaje biyu. Na Habrobracon miƙaƙƙu ne, gaɓa bayan gaɓa, kusan duk girmansu ɗaya, babu inda suka karye. Na macen gajeru ne masu ɗan kauri, gaɓoɓinsu wajen 14. Na namijin sun fi tsawo da siranta, gaɓoɓinsu sukan kai 20 ko su ɗan haura. To amma akwai wani babban gida na 'yan ƙananan zanzaro da ƙahonninsu ke da gwiwa: gaɓar farko doguwa, daga nan sai ƙahon ya lanƙwashe, sau da yawa ƙarshensa ya yi kauri. 'Yan wannan gida da dama jikinsu na ƙyalli, kore-kore ko shuɗi-shuɗi mai duhu, kuma sukan yi tsalle in an taɓa su. Duk wanda ya taɓa buɗe buhun waken da ƙwari suka ci, ya ga wasu 'yan baƙaƙen abubuwa da suka fi ƙwaron waken ƙanƙanta suna yawo a bakin buhu, to ya ga 'yan gidan nan. Dinarmus basalis na cikinsu, kuma tsutsar ƙwaron wake yake bi har cikin ƙwaya. Aboki ne, amma ba ruwansa da murzuna.

Yanzu ka shimfiɗa fiffiken gaba a kan takarda ka sa haske ta gefe. Za ka ga jijiyoyi sun ratsa shi sun yi ɗaki-ɗaki, wasu ɗakunan a rufe ta kowane gefe. A bakin gaba na fiffiken, wajen tsakiya, akwai wani tabo mai duhu mai kusurwa uku-uku. Wannan tabo da waɗannan rufaffun ɗakuna su ne shaidar cewa kana kan hanyar gidan da ya dace. Masu ƙaho mai gwiwa ba su da su: fiffikensu fayau yake, jijiya ɗaya ce kawai ta bi bakin gaba ta yi ɗan reshe ta tsaya.

Gidan su Habrobracon sunansa Braconidae, kuma nau'o'in da aka rubuta sunayensu a cikinsa sun haura 17,000. Yana da maƙwabcin gida, Ichneumonidae, da suke kama ƙwarai, kuma abin da ke raba su wata 'yar jijiya ce guda ɗaya da ke gitta ɓangaren waje na fiffiken gaba, can ƙasa da tabon: Ichneumonidae suna da ita, Braconidae ba su da ita. Wannan kam aikin ɗanka ne in ya koma makaranta ya sami madubin ɗakin gwaji. A nan ne kuma zai ga wata alama mai ban sha'awa a fuskar Habrobracon: tsakanin muƙamuƙansa da leɓen sama akwai wani zagayayyen rami, sai ka ce ƙwaron ya buɗe baki bai rufe ba. Da ita ake gane reshen gidan da ya fito.

A ƙarshen cikin macen akwai wani ɗan tsinke baƙi da ya fito fili, tsawonsa bai kai na cikin ba. Mutane kan ɗauka ƙari ne irin na rina su ji tsoro. Da shi take harbin tsutsa, da shi kuma take ajiye ƙwai, amma ba ta harbin mutum ko dabba. Namiji ba shi da shi, ƙarshen cikinsa a dunƙule yake. In cikin ƙwarin da ka kama akwai masu tsinke da gajeren ƙaho, da marasa tsinke masu dogon ƙaho, to mata da maza ne na iri ɗaya.

Duk wannan siffa ce ta jiki, kuma tana kai ka har ƙofar gida. Abin da zai shigar da kai ciki shi ne aikin da ƙwaron ya bari a baya, don haka ka koma gona ka buɗe hanyar da murzuna ta yi a zangarniya, ka bi ta a hankali da tsinke. Lafiyayyar murzuna in ka taɓa ta takan murɗe, ta yi ƙoƙarin gudu. Wadda Habrobracon ta harba kuwa za ka same ta a sake, laɓo-laɓo, ba ta motsi, ba ta ci, amma ba ta ruɓe ba. Dafin bai kashe ta nan take ba, ya shanye mata jiki ne, kuma ba ta sake tashi. Ka sa gilashi a kanta. Wataƙila ka ga 'yan ƙwai farare dogaye, kowanne wajen rabin milimita, an jera su a kan fatarta ko a gefenta. Wataƙila kuma sun riga sun ƙyanƙyashe, ka ga 'yan tsutsotsi marasa ƙafa, uku ko biyar ko fiye, sun kafa baki a jikinta daga waje suna tsotsa, jikinsu na kumbura nata na motsewa. Bayan 'yan kwanaki abin da zai rage baƙar busasshiyar fata ce, a gefenta kuma 'yan gidajen saƙa farare, kowace 'yar tsutsa ta saƙa nata ta shige. Daga ƙwai zuwa fitowar mai fiffike, a zafi irin na ƙarshen damina, kwana 8 zuwa 12 ne. Uwar ma takan lashi ruwan da ke fitowa daga inda ta huda, kuma takan harbi tsutsotsi fiye da waɗanda take yi wa ƙwai, shi ya sa ɓarnar da take yi wa murzuna ta fi yawan 'ya'yanta.

Ka lura da wannan kalma, "daga waje", domin ita ce ke raba shi da wani ɗan gidansu mai suna Cotesia. Shi ma ƙarami ne baƙi, shi ma yana barin fararen gidajen saƙa. Amma 'ya'yan Cotesia a cikin tsutsa suke girma, tana yawonta tana cin abincinta, sai sun ƙoshi su huda fatarta su fito su yi saƙa a tare. Ƙahonninsa kuma dogaye ne, gaɓa 18 a mace da namiji duka. Ke nan in ka ga tsutsa tana tafiya garau jiya, yau kuma ga saƙa a kanta, ba Habrobracon ba ne.

Akwai gwajin da ya fi duk waɗannan sauƙi, ba ya kuma buƙatar ka iya ƙirga gaɓa. Ka yanko guntun zangarniyar da ke da shanyayyar murzuna da gidajen saƙar, ka sa a wankakkiyar kwalba busasshiya, ka rufe bakin da ƙyalle marar kauri ka ɗaure, ka ajiye a inuwa inda cinnaka ba za ta kai ba. Cikin mako guda ko ɗan fiye, abin da ke cikin saƙar zai fito. Ka gwada shi da waɗanda ka kama a leda. In sun zo ɗaya, ka ga mai aikin da idonka.

Dalilin da ya sa na ce ɗanka ya fi kusa da gaskiya shi ne tarihin yankinku. Murzuna ta zama babbar annoba a Sahel ne bayan farin farkon shekarun 1970. Sau ɗaya take haihuwa a shekara: in tsutsa ta ƙoshi sai ta sauka ta shige ƙasa, ta kwanta duk rani, ta fito uwa bayan ruwa ya zauna. Habrobracon kuwa ba ya irin wannan dogon barci. Da rani yawansa yakan ragu ƙwarai, 'yan da suka tsira suna rayuwa ne a kan tsutsotsin da ke cin hatsi a rumbu da sito. Kafin ya sake yawa a gona, murzuna ta riga ta yi ɓarnarta. Wannan makara ce masu bincike suka nemi gyarawa. An fara gwada sakinsa a Senegal cikin shekarun 1980, daga 2006 kuma aka faɗaɗa aikin a Nijar da Mali da Burkina Faso. Cibiyar binciken aikin gona ta INRAN da ke Maraɗi tana cikin waɗanda suka riƙe aikin, tare da masana irin su Ibrahim Baoua da Malick Ba. Dabarar ba ta da tsada: 'yar jakar algarara, a zuba gero da garinsa, a sa tsutsa 25 ta wani ƙwaron rumbu mai suna Corcyra, a sa mata biyu na Habrobracon da suka riga suka haɗu da maza. Akan rarraba jaka 15 a kewayen ƙauye, a rataye a rumbuna ko bishiyoyi. 'Ya'yan da suka fito su bi ta ramukan saƙar jakar su watsu gonaki. Sharaɗin nan na haɗuwa da namiji ba ado ba ne: a dangin zanzaro da zuma, ƙwan da bai sami namiji ba namiji yake zama, namiji kuwa ba ya harbin tsutsa. Ka tambayi mai gari ko malamin gonarku ko an rataya irin jakunkunan nan kusa da ku bana. Ko ba a rataya ba, ƙwaron ɗan ƙasa ne, yana nan tun kafin a fara kiwonsa.

Akwai wani abokin kuma da ba za ka gan shi a kan ƙyallenka ba sai dai a ce ƙura ce. Shi ƙwan murzuna yake shiga, ba tsutsar ba, sunansa Trichogrammatoidea armigera, kuma tsawonsa wajen rabin milimita ne. 'Yan gidansu idanunsu ja ne, gefen fukafukansu da geza, tafin ƙafarsu gaɓa uku maimakon biyar. Alamar aikinsu ita ce ƙwan da ya kamata ya ƙyanƙyashe sai ya koma baƙi.

Game da ainihin sunan nau'i, gara in gaya maka yadda abin yake a wurin masu sana'ar. Wani Ba'amurke mai suna Thomas Say ne ya fara rubuta siffar wannan ƙwaro a 1836, ya sa shi cikin jinsin Bracon, shi ya sa har yau za ka ga wasu littattafai na rubuta Bracon hebetor. Yana da wani ɗan uwa, brevicornis, da suka yi kama har masana suka yi ta kai da komo a kan ko abu ɗaya ne. Sai a 2019 wani bincike na ƙwayoyin gado ya sake raba su. Idan masu madubi da littattafai sun sha wannan wahala, kada wani ya kalli hoton waya mai hazo ya yanke maka suna da ƙarfin hali. Ga manomi, in an ga fiffike huɗu, miƙaƙƙen ƙaho, tabo da ɗakuna a fiffike, tsinke a bayan mace, ga kuma shanyayyar murzuna da 'ya'ya a kanta, hukuncin da ake buƙata ya samu: abokin aiki ne.

Shawarata a kan feshi ita ce ka bari. Murzuna tana ɓoye ne a ƙarƙashin ƙwayoyin zangarniya inda magani ba ya isa sosai, su kuwa waɗannan 'yan ƙwari a fili suke yawo, jikinsu ba ya ɗaukar komai, su ne za su fara mutuwa. Ga kuɗin magani, ga hatsin da ya kusa shiga tukunya.

In ɗanka yana son a tabbatar masa da suna a rubuce, ya zuba guda goma ko fiye, mata da maza, cikin 'yar kwalba mai sifirit, ya cika ta har wuya don kada girgiza ta karya musu ƙaho. Kada ya bar su su bushe a takarda, domin da sun bushe gaɓoɓin da za a ƙirga ne ke fara karyewa. Ya rubuta sunan gari, da kwanan wata, da cewa daga zangarniyar gero aka samo su a kan murzuna, a 'yar takarda ya jefa cikin kwalbar. Da fensir zai rubuta, don tawadar biro narkewa take a sifirit. Sai ya miƙa wa malamin gonar yankinku ya kai Maraɗi.